Inji Ba Ya Cin Tuwo: Ina Makomar Masu Ƙwadago a Hanyar Kayanmu?

Duk ɗan kasuwar da ya yi shekara ashirin yana shigo da kaya ya san cewa hannayen da ke taɓa kayansa sun ragu. A da, kafin dilar atamfa ɗaya ta baro masana'anta ta iso rumfa a Kejetia ko Makola ko Kantin Kwari, sai ta bi ta hannun jama'a da dama: mai saƙa, mai ɗauri, ɗan dakon bakin teku, magatakardan da ke rubuta lamba, ejan mai yawo da takardu ofis-ofis, direba da yaron mota, mai kura, sannan yaron shago. Kowannensu da abin da yake yaga a jikin wannan dila ya kai gida. Yau wasu daga cikin ayyukan nan ƙarfe ne ke yin su, wasu kuma wayar da ke aljihunka ce ta haɗiye su.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu hannu da shuni a kasuwa. Sukan ce inji ba ya cin tuwo, ba ya neman izinin zuwa suna ko jana'iza, ba ya cewa a ƙara masa albashi. Gaskiya ce. Amma wanda injin ya maye gurbinsa yana cin tuwo, yana da mata da 'ya'ya, wataƙila ma akwai tsohuwa a Sakkwato ko Maraɗi da ke jiran aikensa duk ƙarshen wata. Shi ya sa na ga ya dace mu bi hanyar kayanmu daki-daki, mu ga inda inji ya shiga, wa ya ci riba, wa ya yi asara, da kuma abin da ya rage mana mu yi wa yaranmu.

Ba yau aka fara ba

Zaman da muke yi a zanguna ma, asalinsa sana'a ce da inji ya kashe. Kakanninmu fatake ne. Suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da fata, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Ayari guda yana ciyar da madugu da jagaba da masu kora jakuna da 'yan alaro, ga masu masauki da mata masu sayar da abinci a kowane zango.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin dogo daga Legas kuma ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan ya hau jirgi zuwa Arewa. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Sannu a hankali ayari ya watse, jaki ya koma ɗaukar taki.

Sai dai abin lura shi ne, cinikin goro bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Abin da ya mutu shi ne aikin masu ɗaukarsa. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara tura goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, daga baya ya shiga sayen gyaɗa, kuma kowa ya san inda arzikinsa ya kai. Shi yana da jari da ido, ya hau sabuwar hanya. Mai kora jakin da ba shi da komai sai ƙarfinsa, shi tarihi ma bai riƙe sunansa ba. Wannan rabon, na mai jari da mai ƙarfi kaɗai, shi ne za mu yi ta cin karo da shi har ƙarshen zancen nan.

Akwatin da ya kori 'yan dako

Kwantenar nan da muke haɗa kuɗi mu uku mu huɗu mu cika, ita ce injin da ya fi kowanne korar ma'aikata a bakin teku. A watan Afrilu na 1956 wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Kafin lokacin, buhu-buhu da akwati-akwati ake loda jirgi, ɗaruruwan ƙarti su kwashe kwanaki suna yi. An yi lissafin cewa lodin tan ɗaya da hannu yana cin kusan dala 6, da kwantena kuwa bai kai santi 20 ba. To wane mai jirgi ne zai ga wannan ya kau da kai? Cikin shekaru kaɗan dubban 'yan dakon Landan da Liverpool da New York suka rasa abin yi.

Daga nan aka ƙara gaba. A 1993 aka buɗe wani sashe a tashar Rotterdam ta ƙasar Holan inda motoci marasa direba ke jigilar kwantena. A 2017 Sin ta buɗe irin wannan a Qingdao da Shanghai. Ma'aikacin da ya rage yana zaune ne a ɗaki mai sanyi gaban allon kwamfuta, yana lura da ƙugiyoyi da yawa a lokaci ɗaya.

Mu ma abin ya ƙaraso gaɓarmu, ko da yake bai kai can ba. Tashar Kribi ta Kamaru ta fara aiki a 2018, sabon sashen kwantena na Tema a 2019, ta Lekki a Legas kuma aka ƙaddamar da ita a 2023. Har yanzu mutane ne ke tuƙa ƙugiyoyin, amma mutum ɗaya a saman ƙugiya yana sauke abin da unguwa guda ba za ta iya ba. Lokacin da za a buɗe sabon sashen Tema, ƙungiyar ma'aikatan tashar ta yi ta kokawa cewa aiki zai bar tsohon sashe, mutanenta su zauna. Ga ɗan kasuwa kuwa, jirgi ya daina daɗewa a layi, kaya suna fitowa da wuri. Duka biyun gaskiya ne, kuma a rana ɗaya suke faruwa.

Hatta a cikin kasuwa haka zancen yake. Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda ake kira aboboya a Gana, Kanawa kuma suke ce wa 'yar ƙurƙura, yana kwashe a sawu ɗaya abin da masu kura da 'yan matan kayayo za su yi sawu goma suna ɗauka. Lungunan da babur ba ya shiga ne kawai suka rage musu, a nan kuwa sun yi wa aikin yawa.

Takarda ta koma waya

A ranar 1 ga Satumba, 2017, Gana ta fara tsarin fito da kaya ba tare da takarda ba a tashoshinta, a 2020 kuma aka kawo sabon tsarin kwastan na intanet mai suna ICUMS. Wanda ya san Tema ta da, ya san yawan samarin da ke rayuwa da gudu da fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da masu buga takarda, da masu kwafe ta. Yanzu ejan ɗaya da kwamfutarsa yana yin aikin da a da sai ya ɗauki yara biyar. Ejan bai ɓace ba. Yaransa ne suka ragu, wanda ya rage kuma dole ya iya karatu da danna kwamfuta.

Haka ma tafinta. Shekarun baya, in ka sauka a Guangzhou ko Yiwu, ba ka iya sayen ko allura sai da ɗan rakiya mai jin yaren, kuma yana da kamashonsa a kan kowane ciniki. Yawancinsu ɗalibanmu ne da ke karatu a can, da wannan suke riƙe kansu. Yanzu waya tana fassara. Tun 2013 Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara, a WeChat kuma za ka rubuta wa mai masana'anta ya karanta da yarensa. Da yawa daga cikinmu ma sun daina tafiyar. Hoto ake turowa, a yi ciniki, a biya, kaya su taso.

Aiken kuɗi gida shi ma ya canza hannu. A da sai ka nemi amintaccen direba ko ɗan gari mai tafiya, ka ƙulle kuɗi a takarda ka rubuta suna. Tun da MTN ta fara kuɗin waya a Gana a 2009, abin ya koma danna lamba. A nan kam an samu sababbin ayyuka, don babu kwanar da ba za ka ga rumfar MoMo ba, kamar yadda masu POS suka cika Najeriya. Amma ka tambayi mai rumfar nawa yake tashi da shi. Kamashon ƙanƙane ne, ga rumfa uku a jere suna jiran mutum ɗaya, ga fargabar ɓarayi da 'yan damfara.

Allura da kwamfuta

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ɗinki, don sana'ar gidajenmu ce. Babbar riga mai aska takwas ta hannu tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Akwai mai zane, akwai mai cika aiki, akwai mai haɗawa, akwai mabugi. A Zariya da kewaye, mata da yawa a cikin gida da wannan allurar suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Haka hula, daga zanna bukar zuwa damanga, aikin zaman haƙuri ne da ke ciyar da ɗalibai da matan aure.

Yanzu ga injin aiki na kwamfuta. Ana zana fulawar a allo sau ɗaya, a ɗora yadi, inji mai kai shida ko goma sha biyu ya fitar da wuyan riga shida ko goma sha biyu iri ɗaya kafin a yi la'asar. Telan da nake kai wa ɗinki a nan Kumasi yana da yara bakwai a shekarun baya, huɗu daga cikinsu aikin wuya kawai suke yi a keke. Yau shi da yara uku ne. In an kawo shadda sai ya yanka, ya aika wa mai injin kwamfuta, a dawo masa da ita ya haɗa. Da na tambaye shi ina sauran, sai ya ƙirga mini da yatsa: ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana tallan gilashin waya, ɗaya ya koma gida noma. Na huɗun ne kaɗai ya dace, shi ne yake zana fulawa a kwamfutar mai injin, kuma a cewar telan, yanzu ya fi maigidansa na da samu.

Ka ga lissafin ke nan a shago ɗaya: mutum ɗaya ya hau, uku sun sauka. Mai saye kuma ya samu riga mai aiki a farashin da talaka zai iya sawa ranar Sallah. Ba zan ce wannan ba alheri ba ne. Amma aikin hannu yanzu ya zama na sarakuna da angwaye da manyan 'yan siyasa, su kuwa ba su da yawan da za su riƙe duk masu allura.

Injin da bai taɓa zuwa ba

Wani zai ce, ai mu nan da sauƙi, ina wutar da za ta riƙe mutum-mutumi? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Inji da dala ake sayensa, kayan gyaransa da dala, ga wuta mai ɗaukewa, wadda mutanen Gana har suna suka sa mata, dumsor. Inda lada ke da arha, mai masana'anta ba ya gaggawar sayen ƙarfe mai tsada. Shi ya sa har gobe za ka ga ana sauke tirelar siminti da ka.

Sai dai ba lallai inji ya zo garinku kafin ya karɓe maka aiki ba. A 2023 an girka sababbin mutum-mutumin masana'antu sama da 540,000 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Tun a 2016 rahotanni suka ce wata masana'antar Foxconn da ke Kunshan ta rage ma'aikata daga 110,000 zuwa 50,000 bayan ta shigo da irin waɗannan injuna. Duk lokacin da inji ya rage kuɗin yin takalmi ko hula ko bokiti a can, sai kayan su iso nan da arhar da baduku da maƙeri da masaƙi ba za su iya karawa da ita ba. Injin yana Guangdong, amma wanda ya rasa ciniki yana Zinder.

Kuma wa ke kawo kayan? Mu ne. Wannan ita ce maganar da ba mu cika son ji ba. Ɗan kasuwa yana cikin masu cin ribar inji, ko da bai taɓa ganin mutum-mutumi da idonsa ba. Ba laifi ba ne, kasuwa ce, in ba ka kawo ba wani zai kawo. Amma ya kamata mu sani cewa a wannan ciniki ba 'yan kallo ba ne mu.

Yadda lada ke karyewa

Mutane sun fi lura da wanda aka sallama. Abin da ba a cika gani ba shi ne yadda abin ke taɓa aljihun wanda ba a sallama ba. In aka kori mutum goma daga wani aiki, ba sama suke tashi ba. Suna komawa ne inda babu shinge: acaɓa, dako, talla, gadi, wankin mota. Masu yi suka yi yawa, sai farashi ya faɗi. Mai kurar da ya ce ba zai ɗauki kaya a kaza ba, kafin ya rufe baki wani ya ce shi zai ɗauka. Wanda ke cikin shago ma bakinsa ya mutu, don ya san akwai goma a waje masu jiran gurbinsa.

Masana sun auna wannan. Daron Acemoglu, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, da abokin aikinsa Pascual Restrepo, sun bi diddigin masana'antun Amurka daga 1990 zuwa 2007. Sun gano cewa duk ƙarin mutum-mutumi ɗaya a kan ma'aikata 1,000 yana rage albashi da kusan kashi 0.4 cikin 100, yana kuma rage yawan masu aiki. Adadin kamar kaɗan ne, amma taruwa yake yi, kuma ya fi faɗawa kan masu aikin hannu marasa zurfin karatu.

Akwai kuma darasi a abin da ya faru a Amurkar a watan Oktoba na 2024. Ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa kusan 45,000 suka ajiye aiki na kwana uku, a kan albashi da kuma batun injuna. Suka tashi da ƙarin kusan kashi 62 cikin 100 a tsawon shekara shida, daga baya kuma aka gindaya sharuɗɗa kan yadda za a shigo da sababbin injuna. Ba su hana zamani tafiya ba, amma sun sa an raba ribar da su. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne haɗin kai. Ɗan dakonmu shi kaɗai yake ciniki da mai kaya, ba takarda, ba fansho, ba kuɗin sallama. Ranar da aka daina kiransa, shi ke nan.

Me ya rage mana?

Na farko, yaranmu. Da yawanmu mun taso a kan cewa in yaro ya iya ƙirga kuɗi ya san hanyar kasuwa, ya gama. Wannan ya yi aiki a zamaninsa. Yanzu takardar kwastan a intanet take, cinikin Sin a waya yake, lissafin shago a kwamfuta yake. Yaron da bai iya karatu da rubutu sosai ba, da Turanci ko Faransanci gwargwadon ƙasar da yake zaune, zai zama ɗan aiken wanda ya iya. A bar shi ya gama makaranta, ya riƙa zuwa shago da yamma da ranakun hutu. 'Ya'ya mata ma haka, don mai zana fulawa a kwamfuta ko mai sayar da kaya ta WhatsApp tana iya yi daga ɗakinta.

Na biyu, duk injin da ya shigo yana zuwa da yunwarsa. Yana son mai girka shi, mai gyara shi, mai kawo masa kayan gyara, mai haɗa masa wutar sola. Sau nawa injin aiki ke kwana biyu a kashe ana jiran mai gyara daga wani gari? In za ka kai yaro koyon sana'a, duba wadda ke bin inji a baya, kada ka kai shi wadda inji ke bi a baya. Wutar gida, sola, firji da na'urar sanyaya ɗaki, gyaran waya, walda, famfo: waɗannan ayyuka ne da ba a loda su a kwantena daga Sin, dole sai mutum ya zo da hannunsa.

Na uku, mallaka. Tun zamanin Ɗantata, mai abin hawa ne ke cin ribar sabuwar hanya. Tela ɗaya ba zai iya sayen injin kwamfuta ba, amma tela goma za su iya. Mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin kwantena, mun iya tara gudummawar biki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinmu na zango da ke haɗuwa don suna da rasuwa za su iya buɗe asusun sayen kayan aiki, a rubuta komai a takarda, a san rabon kowa tun kafin riba ta zo ta raba zumunci.

Na huɗu, mu masu shago. In ka sayi abin da zai rage maka yara, ribarka ce, Allah ya sa albarka. Amma yaron da ya yi maka shekara takwas bai cancanci a ce masa gobe kada ya zo ba. Al'adarmu ta san sallama: a ba yaro jari, ko a ba shi kaya bashi, ko a biya masa kuɗin koyon wata sana'a. A sanar da shi da wuri ya shirya. In akwai wanda za a koya wa sarrafa sabon injin, a fara da na gida kafin a nemo bare.

Na biyar, kada mu yi wa aikin hannu kallon abin da ya wuce. Hular hannu da rigar hannu da jakar fata ta gaske suna da masu nema, har a Turai da Amurka inda 'yan uwanmu ke zaune. Abin da ke kashe masu yin su shi ne a haɗa kayansu da na inji a faifai ɗaya a yi musu kuɗi ɗaya. Ɗan kasuwar da ya ware na hannu, ya faɗi garin da aka yi shi, ya sa masa farashinsa, ya kuma biya mai allurar abin da ya dace, ya taimaki kansa ya taimaki sana'ar.

Akwai abu ɗaya da har yanzu ban ga injin da ya iya shi ba, wato amana. Abin da ya sa Alhaji a Tamale zai tura wa wani kaya na miliyoyi a Njamena ba tare da takarda ba, sanin asali ne da shekarun mu'amala. Da wannan jarin kakanninmu suka kafa zanguna daga Salaga har Duwala, kuma shi ne waya ba ta iya turowa. Sai dai amana kaɗai ba ta isa ta ciyar da yaron da bai iya komai ba. A haɗa masa ita da ilimi da sana'ar da zamani ke nema. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma a tabbata ba a bar na baya a fili shi kaɗai ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a.